Ranar da Aka Sauko da Ƙahonina daga Bango

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran lagireton mota a garin Užice, ba a taɓa dawo mini da aiki an ce ya yi yoyo ba. Amma a ƙauyenmu ba wanda ya san wannan. Toza mai tarkace, shi ne sunana, har a bakin yaran da aka haifa jiya. Laifina ɗaya, ina tara tsofaffin ƙahoni na 'yan badujala. Da na ji wani mabushi ya mutu, kafin a yi masa addu'ar arba'in na isa gidan, in yi wa matar gaisuwa, in sha giyar rakija da ta zuba mini, in tambayi inda marigayin ke ajiye ƙahonsa. Guda ashirin da uku ne a bangon ɗakina a lokacin da nake ba ku labari. Busa kuwa ban iya ba. Na sani, kuma matata Budimka ba ta taɓa barina na manta ba.

Wata safiyar Alhamis cikin watan Satumba, Vukadin ya shigo ba sallama, da wani abu naɗe cikin tsohon tawul. Vukadin abokina ne tun muna kiwon tumaki. Shekara hamsin shi ne shugaban masu busa na wannan kwarin, ba amaryar da aka fitar daga gidan ubanta a nan ba da ƙahonsa ba, har Budimka. Abokan busarsa duk sun riga shi tafiya, ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙahoninsu da yawa suna bangona. Ya ajiye abin a kan teburin aikina ya zauna.

"Rataye shi," ya ce.

Na buɗe tawul ɗin. Ƙahonsa ne, wanda ya gada daga kakansa, tagullar ta yi duhu inda yatsunsa ke kamawa. Shekara ashirin ina kwaɗayin wannan ƙaho, ban ɓoye ba, na sha tambayarsa yana zagina. Ga shi yau a teburina.

"Ba na karɓar na masu rai," na ce. "Je ka mutu tukuna, sai in zo in gaida 'ya'yanka."

Bai yi dariya ba. Da ƙyar na zaro maganar daga bakinsa. Jikarsa Radojka za a aurar ranar Lahadi ta sama, saura kwana goma. Ubanta Gradimir, ɗan Vukadin na fari, ya yi shekara goma sha biyar yana aikin gini a Austiriya, ya dawo da sababbin ƙahoni masu ƙyalli, ya tara samari takwas ya kafa tasa ƙungiyar. Su za su yi busar bikin. Vukadin bai nemi komai ba sai abu ɗaya, ya busa taken da ake fito da amarya da shi daga ƙofar gida. Sun yi gwaji jiya, ya busa tare da su, abin ya ƙi haɗuwa.

"Kamar ana yanka akuya biyu," ya ce. "Sai ɗaya daga cikin yaran ya fito da waya. Akwai wata allura a ciki, in ka busa sai ta nuna ko ka hau ko ka sauka. Su duka allura tana tsayawa a tsakiya. Ni kuwa sai ta gudu dama. Suka ba ni sabon ƙaho, na busa, ta sake gudu. Gradimir ya ce, Baba, kunne ne, shekaru ne, ba abin kunya ba ne. Ka zauna a babban tebur kusa da kum, babban shaidan auren, ka ci ka sha."

"Kai me ka ce?"

"Me zan ce? Ni a kunnena su ne suke ƙasa, dukkansu. Amma mutum tara da waya ba za su yi kuskure ba, Toza. Kunnen ne ya mutu."

Ya tashi ya fita, ko kofin da Budimka ta kawo bai taɓa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Ni ba mabushi ba ne, mai bututu ne. Duk abin da ya shige mini duhu, aunawa nake yi. Na ɗauko zaren da Budimka ke ɗaure tumatir da shi, na bi jikin ƙahon Vukadin tun daga inda ake sa baki, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har zuwa faffaɗan bakinsa, na ƙulla zaren a nan. Na sa ƙahon a jaka na gangara gidan Gradimir. Na same shi a tsakar gida shi da maƙwabta suna kafa rumfar biki.

"Kawu Toza, in maganar Baba ce ta kawo ka, don Allah ka bari. Ni ma ba daɗi nake ji ba."

"Ba magana ta kawo ni ba. Miƙo mini ɗaya daga cikin ƙahonin nan naka masu ƙyalli kamar madubi."

Ya ɗauko sabon ƙahonsa yana riƙe da shi kamar jariri. Na bi jikinsa da zaren nan. Ƙullin ya ƙare, ƙahon bai ƙare ba. Saura faɗin yatsu huɗu. Na sake aunawa don kada a ce hannun tsoho ne ke rawa, yatsu huɗun nan dai suna nan.

Na koma gida kusan da gudu, na hau kujera na riƙa sauko da nawa ɗaya ɗaya. Budimka ta leƙo ta ce ko na haukace ne a ƙarshe. Ƙananan ƙahoni tara nake da su irin na Vukadin. Biyu ƙirar bayan yaƙin duniya ne, tsawonsu ya yi daidai da na Gradimir. Sauran bakwai, waɗanda kakanninmu suka samo daga hannun sojojin sarkin Austiriya na da, duk zaren ya tsaya musu a kan ƙulli cif. Gajeru ne, haka aka ƙera su. Gajeren bututu kuwa murya a sama yake bayarwa, wannan ko ni da ban iya busa ba na sani. Wato shekara ɗari duk kwarin nan a sama yake busa, ba wanda ya lura, don kowa irin ƙahon ke hannunsa. Vukadin bai hau ko'ina ba, yana nan inda aka haife shi.

Na ji kaina ya yi girma, kuma a nan na tafka wauta. Na ce ai abu mai sauƙi ne, a ƙara wa ƙahonsa yatsu huɗu. Na yanko guntun bututu daga wani mataccen ƙaho, na goge shi, na zura shi a wuyan na Vukadin, ya zauna daram. Washegari na kira uba da ɗa, na yi musu bayani ina kaɗa zare kamar malamin makaranta. Gradimir ya fito da wayarsa. Vukadin ya busa. Allura ta tsaya a tsakiya, har na buɗe baki zan yi ihu, sai na ga ta fara rarrafe zuwa dama. Leɓensa ne yake matsewa yana tura muryar sama ba da saninsa ba, yana neman wurin da ya saba. Da aka ce ya saki, muryar ta fito a mace, babu ko ɗigon abin da ke sa mata kuka a bakin ƙofa.

"Cire min wannan abin," ya ce. "Kamar na sa takalmin wani."

Gradimir ya mayar da wayar aljihu a hankali. "Kawu, na yarda, ba kunnensa ba ne. To me ya canja? Har yanzu ba za mu iya busa tare ba."

Vukadin ya sa hularsa. "Kun gama wasa da ni? Ranar biki zan zauna kusa da kum. Kada wanda ya sake tayar min da maganar." Ya bar ƙahon a teburin ya tafi.

Ya rage ni da Gradimir. Budimka tana daga bakin ƙofa tana cire ƙwallon 'ya'yan itacen da za ta dafa, duk ta ji abin da aka yi.

"Maza biyu da gemu," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Kun ja tsoho ƙasa ya ƙi saukowa. To ku ku hau mana ku same shi. Ga tarkace nan cike da bango, shekara nawa ina share musu ƙura. A kwashe su a busa, ko na samu in yi wa ɗakin fenti."

Na dube ta. Shekara arba'in da huɗu muna tare, ranar ce kawai na yi niyyar sumbatarta a gaban baƙo.

Gradimir kuwa tsalle ya yi. "Inna Budimka, kin san abin da kike faɗa? Dangin ango daga garin Čačak za su zo, mota biyu manya, kowa da waya yana ɗauka. In fito da yarana riƙe da gwangwanayen nan? Wannan fa tsatsa ce ke riƙe da shi, ba ƙarfe ba."

"Tagulla ba ta tsatsa," na ce. "Ka yi shekara goma sha biyar a Turai ba ka koyi wannan ba?"

"Kawu, nan ma Turai ne."

"To ka ga ma ba ka koyi komai ba ke nan."

Bai yarda ba. Ya tashi zai tafi, sai na ɗauki ƙahon ubansa, na zare guntun bututun da na ƙara, na tura masa a ƙirji. Na ce ya busa sau ɗaya kawai, in bai so ba ya tafi. Ya karɓa don ya rabu da ni. Ya goge bakin da hannun riga, ya busa farkon taken amarya, layi ɗaya. Sai ya tsaya. Ya sake busawa, a hankali wannan karon, har ƙarshe. Da ya sauke ƙahon idonsa ya kaɗa.

"Haka yake fita lokacin da nake yaro," ya ce. "Ina kwance a ɗaki ina jinsa daga bayan rumbu. Na ɗauka ƙuruciya ce ta sa nake jinsa da haske haka." Ya ja hanci. "Take ɗaya, Kawu. Ɗaya tak, daga nan mu koma namu. Kuma in ɗaya ya yi min tusa a gaban mutanen Čačak, a lagireto zan dafa ka."

Kwana takwas ban san inda kaina yake ba. Ƙananan ƙahoni uku ake bukata ban da na Vukadin, da matsakaita uku, da babban nan mai muryar ƙasa da ake ratayawa a kafaɗa. Masu ganga biyu ba ruwansu. Na cika baho da ruwa, ina toshe bakin kowane ƙaho ina hura iska ina kallon inda kumfa ke fita, kamar yadda na yi wa lagireto dubu. Na liƙe da dalma, na saki maɓallan da suka ƙage da man keken ɗinkin Budimka. A cikin ɗaya na tarar da gidan rina. Babban kuwa ba ya ma bango, yana lambu, Budimka ta cika shi da ƙasa ta shuka fure a ciki tun shekara shida da suka wuce. Da na je juye shi sai da muka yi faɗan da maƙwabta suka leƙo.

"Ke kika kawo shawarar!" na ce.

"Na ce na bango. Wannan na lambu ne."

Samarin suka riƙa zuwa da rana suna gwaji a rumbuna, da ƙofa a rufe. Ranar farko dariya kawai suka yi, suna cewa ƙahonin na warin kabari. Maɓallan sun fi nasu tauri, iska ma sun fi ci. Mai babban ƙahon, wani ƙato da ake kira Strahinja, ya yi ta tofar da ƙasa har kwana biyu. A rana ta huɗu suka daina dariya. Ina waje ina wanke hannu na ji sun haɗu, muryar ta taso ta cikin katakon rumbun, siririya mai kaifi, ba irin mai kaurin nan ta sababbi ba. Na tsaya da sabulu a hannu har suka gama.

Vukadin bai san komai ba. Na je gidansa sau biyu don in gaya masa, da na fara sai ya ɗaga hannu. "In ƙaho ne, ga ƙofa." Haka na bar shi, kuma gaskiya tsoro ya kama ni. Na san girman kansa. Yana iya cewa sadaka ake yi masa, ya zauna a kujerarsa ya ƙi motsi a gaban mutum ɗari uku.

Ranar Lahadi gari ya yi kyau. Kabejin biki tun asuba yake kan wuta cikin manyan tukwanen ƙasa, raguna shida suna juyawa a kan garwashi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mutanen ango suka iso da tuta da hayaniya, yaran Gradimir suka tare su a bakin hanya da sababbin ƙahoninsu, kuma ba zan yi ƙarya ba, sun iya. Bisa al'ada, ango ya harbo tuffar da aka rataye a kan doguwar sanda a harbi na uku, bayan an gama yi masa tsiya. Vukadin yana babban tebur cikin baƙar kwat, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon farantin da ke gabansa. Ni kuma ina tsaye bayansa da jaka, gumi ya jiƙa mini riga.

Lokacin fito da amarya ya yi. Wanta ya shiga ciki ɗauko ta. Gradimir ya ɗaga hannu, yaransa suka sunkuya suka jera sababbin ƙahoni a kan ciyawa. Suka buɗe buhunan da na ɓoye bayan rumfa. Na ji wata mata daga Čačak ta ce, "Yau ga ikon Allah, daga bola suka kwaso?" Wasu suka yi dariya.

Strahinja ya fara, da muryar ƙasa, sau biyu. Matsakaitan suka shigo a kansa. Suka riƙe shimfiɗar taken, suna maimaitawa, ba wanda ya ɗauki waƙar. Gradimir yana tsaye da ƙahonsa a baki amma bai busa ba, wurin mai ja-gaba yana nan a buɗe.

Na ga bayan wuyan Vukadin ya miƙe. Ya juya kai kaɗan, kunnensa wajen masu busa. Bai dube su ba tukuna.

"Wannan na Obren ne," ya ce a hankali. Obren shi ne mai babban ƙahonsu, ya rasu shekara goma sha ɗaya. "Wancan kuma na Milisav, mai ɗan tari a ƙasan murya. Toza, me ka yi?"

"Ni? Yoyo na liƙe. Tashi, kana tsayar da bikin mutane."

Na zaro ƙahonsa na ɗora a kan tebur, tsakanin burodi da kwalba. Ya dube shi. Yaran suka zagayo karo na uku, na huɗu. Radojka ta bayyana a bakin ƙofa cikin fararen kaya, hannunta cikin na wanta. Wan ya ja ta su sauko, ta ƙi. Ta tsaya a kan dokin ƙofa tana kallon babban tebur.

"Kaka," ta ce da ƙarfi, kowa ya ji, "takalmin nan yana cin ƙafata. Za ka busa ne ko in koma ciki?"

Ya tashi. Ya cire kwat ɗin ya miƙa wa kum ba tare da ya dube shi ba, ya ɗauki ƙahon, ya lashi leɓe. Ya bari shimfiɗar ta zagayo, sannan ya shiga.

Ba ni da kalmar da zan ba ku. Muryar ta hau kan tasu ta zauna kamar dama can an auna mata wurin, ba ta goga ba, ba ta karkace ba. Ya ja layin farko dogo har na ji tsoron numfashinsa, sannan ya karya shi da 'yar rawar nan tasa da ba wanda ya taɓa iya kwaikwaya. Matar Čačak ta rufe baki. Tsofaffin matan ƙauyenmu, waɗanda duk da wannan muryar aka fitar da su, suka fara share ido da bakin gyale, Budimka ce kan gaba. Ni kuwa kuka na yi sosai, da majina da komai, kuma ban ji kunya ba. Radojka ta sauko matakala uku a hankali, ta tsaya gabansa, ya sunkuyar da bakin ƙahon ya busa mata layin ƙarshe a saitin fuska.

Da ya gama, ihun da aka yi sai da karnukan ƙauye suka amsa. Mai ganga bai jira kowa ba ya faɗa kiɗan kolo, rawarmu ta da'ira. Take ɗaya aka yi alkawari, amma ba wanda ya waiwayi sababbin ƙahonin da ke kan ciyawa. Uban ango da kansa ya zo yana tambayata ina ake samun irin waɗannan, na ce masa sai ka jira wani ya mutu.

Daga gidan zuwa coci tafiyar kilomita biyu ce, rabinta hawa. An tanadar wa Vukadin mota, ya ce wa direban ya ɗauki masu ciwon ƙafa. Ya shiga gaban amarya da shekarunsa saba'in da tara, yana busa, ɗansa a kafaɗarsa ta dama yana riƙe masa murya ta biyu. Sau biyu na ga ya yi wa Gradimir alama da gira ya karɓi ja-gaba, sau biyu Gradimir ya girgiza kai ya zauna a murya ta biyu.

A ƙofar coci suka sauke ƙahoni, don ba a shiga da busa. Vukadin ya jingina da katanga yana haki, fuskarsa ja wur. Na matsa kusa ko zai faɗi. Gradimir ya miƙa masa ruwa, ya sha, ya zuba sauran a ka, sannan ya kalli ɗansa sama da ƙasa.

"Wa ya koya maka riƙe murya ta biyu haka?"

"Kai, Baba."

"To ban ƙarasa ba. A hawan nan sau uku kana shigowa a makare." Ya miƙa masa kofin. "Gobe da safe ka zo gida, kai da yaran naka duka. Ku zo da wuri."